Iyakokin muhallai a Power Platform: Abin da kamfanoni ke ganowa bayan sun gama haɗa manhaja

A ofisoshi da dama labarin iri ɗaya ne. Wani ma'aikaci a sashen kuɗi ko na sito ya gaji da cike takardu da hannu, sai ya buɗe Power Apps da ya tarar cikin lasisin Microsoft 365 na wurin aikinsa, ya haɗa wata 'yar manhaja ta neman izinin fitar da kaya. Cikin mako guda abokan aikinsa sun fara amfani da ita, bayan wata shida kuma babu mai iya fitar da ko buhu ɗaya daga sito sai ta cikinta.

Matsala kan taso ne ranar da aka ce a gyara manhajar ba tare da an tsayar da aiki ba, ko a hana wasu ma'aikata ganin bayanan cikinta, ko kuma wanda ya haɗa ta ya ajiye aiki. A ranar ne shugabanni ke fara jin wata kalma da ba su taɓa damuwa da ita ba, wato muhalli, kuma su gane cewa wurin da aka gina manhajar tun farko shi ke yanke abin da za a iya yi da ita daga baya.

Mene ne muhalli?

Power Platform tarin kayan aiki ne na kamfanin Microsoft da ke bai wa wanda ba ƙwararre ba damar haɗa manhajar ofis ba tare da dogon rubutun kod ba. A ciki akwai Power Apps, wanda aka buɗe wa kowa a watan Nuwamban 2016, da Power Automate mai gudanar da ayyukan da ake maimaitawa, wanda kafin 2019 ake kira Flow, sai Power Pages na gina shafukan intanet da Copilot Studio. Rumbun bayanan da ke ƙarƙashinsu shi ne Dataverse, sunan da aka laƙaba masa a ƙarshen 2020.

Kasuwar irin waɗannan dandali ta bunƙasa matuƙa. A 2021 kamfanin bincike na Gartner ya yi hasashen cewa zuwa 2025 kashi 70 cikin 100 na sabbin manhajojin da kamfanoni za su ƙirƙira za su fito ne ta wannan hanya, alhali a 2020 ba su kai kashi 25 ba.

Muhalli, a tsarin Microsoft, keɓantaccen wuri ne a cikin babban asusun kamfani inda ake ajiye manhajoji da ayyuka masu gudanar da kansu da bayanai da izinin masu shiga. Za a iya kwatanta shi da babban gida mai sassa da yawa: gidan ɗaya ne, amma kowane sashe da ƙofarsa da makullinsa da ɗakin ajiyarsa. Kowane muhalli na iya ɗaukar rumbun Dataverse guda ɗaya tak, ko ya zauna babu rumbu. Manhajar da aka gina a wani muhalli kuma tana aiki ne da mahaɗai da rumbun da ke cikin wannan muhallin, ba ta tsallakawa zuwa na maƙwabci haka kawai.

Muhallan iri-iri ne. Akwai na gama-gari da tsarin ke ƙirƙira da kansa, da na ainihin aiki, da na gwaji wanda Microsoft ke kira Sandbox, da na ɗanɗano, da na mai ƙira shi kaɗai, sai kuma wanda ke zuwa tare da Teams. Kowannensu da tasa iyakar.

Zauren da ba a rufewa

Mafi yawan ciwon kan masu kula da tsarin daga muhallin gama-gari yake fitowa. Guda ɗaya ne a kowane asusun kamfani, ba a iya goge shi, kuma duk ma'aikacin da ke da lasisi yana samun izinin ƙirƙirar manhaja a cikinsa kai tsaye. Yawancin sauran muhallai ana iya ɗaura musu rukunin tsaro domin a taƙaita masu shiga, amma wannan ba a ɗaura masa. Ya zama kamar zauren gida, kowa ta nan yake wucewa.

Ma'aikacin da ya buɗe Power Apps karon farko yawanci a nan yake sauka, galibi ma bai san akwai wani wurin ba. Fom ɗin da aka ƙawata daga jerin SharePoint shi ma nan yake faɗawa idan ba a sauya saitin ba. Da tafiya ta yi nisa sai a tarar da ɗaruruwan manhajoji, a manyan kamfanoni dubbai, cakuɗe wuri guda: na wasa da na koyo da waɗanda aka yi watsi da su, tare da wadda albashin ma'aikata ko lissafin kaya ya dogara a kanta.

Haɗarin ya fi fitowa fili idan mai manhajar ya bar aiki. Mahaɗan da ayyukan Power Automate ke bi su karanta wasiƙu ko su rubuta a SharePoint sau da yawa suna ɗaure ne da asusun mutumin da ya kafa su. Da zarar an rufe asusunsa sai ayyukan su tsaya cik, kuma ba lallai a lura ba sai wani ya zo yana tambayar dalilin da ya sa takardar biyansa ta maƙale kwana goma.

Microsoft da kansa yana shawartar kamfanoni su ware wannan muhallin don ƙananan ayyukan ƙashin kai kawai. Daga baya ya fito da wani tsari da ke karkatar da sabon mai ƙira zuwa muhallinsa na kansa tun daga ƙofa. Sai dai wannan ba ya kwashe kayan da aka riga aka jibge a zauren, dole wani ya zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Na kyauta, amma da wa'adi

Muhallan da ba a biyan kuɗi a kansu suna da jan hankali, musamman ga ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi. Muhallin ɗanɗano na yau da kullum kwana 30 yake yi, idan ba a mayar da shi na ainihin aiki ba sai ya tafi da duk abin da ke cikinsa.

Muhallin mai ƙira kuwa mutum ɗaya na iya mallakar har guda uku, kowanne da rumbun da bai wuce gigabait 2 ba. An tanade shi don koyo da ƙira da gwaji, sharuɗɗan lasisinsa ba su yarda a gudanar da ainihin aikin kamfani a kansa ba, kuma idan aka daɗe ba a taɓa shi ba tsarin na dakatar da shi, daga baya ya share.

Na Teams ya fi ruɗar mutane, domin yana ba da damar haɗa manhaja mai rumbu ba tare da sayen ƙarin lasisi ba. Iyakarsa gigabait 2 ne, kimanin layi miliyan ɗaya na bayanai, kuma muhalli ɗaya ne ga kowane rukunin Teams. Yawan waɗanda kamfani zai iya buɗewa ma a ƙididdige yake: guda biyar, sai ƙarin ɗaya a kan kowane lasisi 20 da suka cancanta. Idan rumbun ya cika, mafita ita ce a ɗaga shi zuwa cikakken Dataverse. Wannan hanya ce da ba a komowa, kuma daga ranar duk mai amfani da manhajar sai an saya masa babban lasisi.

Tun ran gini, tun ran zane

Akwai zaɓuɓɓukan da ake yi cikin minti biyu a ranar buɗe muhalli, amma su bi kamfani har shekaru.

Na farko shi ne yankin duniya da za a ajiye shi. Duk abin da ke cikin muhalli yana zaune ne a cibiyoyin adana bayanai na yankin da aka zaɓa. Babu wani maɓalli da mai kula da tsari zai danna ya mayar da shi wani yankin, sai dai ya nemi Microsoft ya yi masa ƙauran, ko ya buɗe sabo ya kwashe kaya da hannu. Kwafin ajiya ma a cikin yanki ɗaya ake iya mayar da shi.

Na biyu shi ne babban harshe da babban kuɗin lissafi na rumbun. Ana iya ƙara wasu harsuna da wasu kuɗaɗen daga baya, amma na tushen ba ya canzuwa. Kamfanin da ke ciniki da naira ko sefa, idan aka bar masa dala a matsayin kuɗin tushe bisa kuskure, duk adadin da aka shigar za a riƙa auna shi ne da dala a bayan fage, kuma gyaran na nufin sabon rumbu.

Na uku shi ne wani ɗan maɓalli da ke tambaya ko za a ba da damar girka manhajojin Dynamics 365, irin na sashen tallace-tallace da na kula da abokan ciniki. Takardun Microsoft sun daɗe suna gargaɗin cewa wanda bai kunna shi lokacin kafa rumbun ba, ba zai iya girka su a wannan muhallin daga baya ba.

Wurin ajiya da kuɗinsa

Ƙa'idar aiki mai kyau ita ce a raba muhalli aƙalla uku ga kowace muhimmiyar manhaja: inda ake ƙira, inda ake gwaji, da inda jama'a ke aiki. A nan ne lissafin kuɗi ke shigowa.

Wurin ajiyar Dataverse na kamfani baki ɗaya ne, duk muhallan aiki da na gwaji daga tukunya ɗaya suke ɗiba. An kasa shi uku: na rumbu, na fayiloli, da na rajistar abin da ya gudana. Kafin a buɗe sabon muhallin aiki ko na gwaji sai an sami aƙalla gigabait 1 da ba a taɓa ba a kason rumbu. Idan kuma aka yi cikakken kwafin muhallin aiki mai gigabait 8 zuwa na gwaji, an cinye wasu 8 ɗin ke nan.

Kamfanin da ya zarce kasonsa yakan tarar an toshe masa buɗe sabon muhalli, da yin kwafi, da mayar da ajiya, wato ayyukan da ya fi buƙata a ranar da wani abu ya lalace. Farashin da Microsoft ya daɗe yana sanarwa na ƙarin gigabait ɗaya na rumbu shi ne dala 40 a wata. Ƙarin gigabait 10 ke nan dala 400 duk wata, dala 4,800 a shekara.

Rajistar bin diddigi ita ce ke cinye wuri a ɓoye. Idan aka kunna ta a kan kowane tebur ba tare da an sa mata wa'adin sharewa ba, takan kumbura har ta fi bayanan da ake bibiya girma.

Ranar da aka goge abu bisa kuskure

Tsarin na ɗaukar kwafin ajiya da kansa, amma ba ya riƙe shi har abada. Ga yawancin muhallai kwana bakwai ne. Muhallin aiki mai manhajojin Dynamics 365 na samun har kwana 28, haka ma wanda aka sa ƙarƙashin tsarin kulawa na musamman ana iya tsawaita nasa zuwa hakan. Kuskuren da ba a gano ba sai a binciken ƙarshen wata na iya zama ya riga ya wuce wa'adi.

Mayar da ajiyar ma tana da nata sharaɗin. Ba a zuba kwafi kai tsaye a kan muhallin aiki, sai an fara mayar da shi na gwaji, a zuba, sannan a dawo da shi. Kuma abin da ake mayarwa muhallin ne dungurungum. Idan manhajoji goma na zaune a muhalli ɗaya, aka koma kwafin shekaranjiya saboda ɗaya ta lalace, sauran tara ma sun rasa aikin kwana biyu. Saboda haka ƙwararru kan zuba kwafin a wani muhallin gwaji daban, su tsinto abin da ya ɓace su mayar da hannu. Wannan dabara kuma tana buƙatar wurin ajiyar da ƙila babu shi.

Ƙaura daga muhalli zuwa muhalli

Hanyar da aka tanada ta ɗaukar manhaja daga wurin ƙira zuwa wurin aiki ita ce a naɗe ta cikin wani ƙunshi da Microsoft ke kira Solution. Ƙunshin na ɗaukar manhajar da fasalin tebura da ayyuka da matakan izini, amma ba ya ɗaukar bayanan da ke cikin teburan. Waɗannan sai an kwashe su ta wata hanyar daban. Mahaɗai ma sai an sake ɗaura su a sabon wurin, kuma manhajar da aka cusa wa adireshin wani jerin SharePoint a cikinta za ta ci gaba da rubutu a tsohon wuri ko da an kai ta sabon muhalli, muddin ba a yi amfani da saitin da ke sauyawa daga muhalli zuwa muhalli ba.

Ƙunshin iri biyu ne, buɗaɗɗe na wurin ƙira da kullalle na wurin aiki. Idan wani ya yi gyaran gaggawa kai tsaye a muhallin aiki, gyaran nasa kan hau saman kullallen ƙunshin ya danne shi, sai sabuntawar da aka turo daga baya ta ƙi bayyana, a yi ta neman dalili. Mafi muni shi ne cire kullallen ƙunshi daga muhalli, domin yana tafiya ne da teburan da ya kawo da duk bayanan da aka zuba a cikinsu.

Shingen bayanai

Masu kula da tsari na da ikon kafa dokokin hana zurarewar bayanai, inda ake kasa mahaɗai gida uku: na aikin kamfani, waɗanda ba na aiki ba, da haramtattu. Manhaja ɗaya ba za ta haɗa mahaɗin gida na farko da na biyu ba. Ta haka ake hana, misali, a kwashi bayanan ma'aikata daga SharePoint a tura wani asusun Gmail ko Dropbox na ƙashin kai.

Dokar tana hawa ne kan muhalli ko kan asusun kamfani gaba ɗaya, ba a kan manhaja guda ba. Idan manhaja ɗaya tak ce ke buƙatar wani mahaɗi, ko dai a buɗe shi ga duk mazauna muhallin, ko a buɗe mata nata muhallin, wanda shi ma zai ci nasa gigabait ɗin. Idan dokoki biyu suka haɗu a kan muhalli ɗaya, mafi tsauri ce ke aiki, shi ya sa sabuwar doka daga hedikwata kan iya dakatar da ayyukan wani reshe cikin dare. Wasu mahaɗan Microsoft na asali, irin su SharePoint da Outlook da Teams, ba a iya jefa su cikin haramtattu ta wannan tsari.

Abin da ya faru a 2021 ya nuna tsadar sakaci da saiti. A watan Agustan shekarar, kamfanin tsaron intanet na UpGuard ya bayyana cewa bayanai kusan miliyan 38 na hukumomi da kamfanoni 47 sun kasance a buɗe ga duk mai intanet ta shafukan da aka gina da Power Apps. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai American Airlines da Ford da hukumomin jihohin Indiana da Maryland a Amurka, kuma bayanan sun haɗa da na bibiyar masu cutar korona da na rigakafi. Babu wanda ya fasa wata ƙofa, saitin izinin tebura ne aka bari yadda ya zo. Bayan rahoton Microsoft ya sauya saitin farko ya zama a kulle.

A 2022 kamfanin ya gabatar da tsarin kulawa na musamman mai suna Managed Environments, wanda ke ba da damar taƙaita yawan mutanen da za a raba wa manhaja, da samun rahoton mako-mako, da tura ƙunshi daga muhalli zuwa muhalli bisa tsari. Sharaɗinsa shi ne duk mai amfani da manhaja a irin wannan muhallin ya mallaki babban lasisi. A farashin dala 20 ga mutum ɗaya a wata na Power Apps Premium, ofis mai ma'aikata 200 zai biya dala 4,000 duk wata.

Inda abin ya shafi Najeriya da maƙwabtanta

Ga bankuna da ƙungiyoyin agaji da hukumomin da ke amfani da Microsoft 365 a Afirka ta Yamma, batun yanki ya wuce na fasaha kawai. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na adana bayanai a Johannesburg da Cape Town a 2019, kuma Afirka ta Kudu na cikin yankunan da ake iya zaɓa wa muhalli. Najeriya da Nijar da Ghana ba sa cikin jerin. Ke nan bayanan da aka zuba a Dataverse daga Kano ko Maraɗi suna kwana ne a wata ƙasa.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, ciki har da tabbatar da cewa inda za a kai su akwai isasshiyar kariya. Ƙa'idojin hukumar NITDA kuma sun daɗe suna neman a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Ma'aikacin da ya haɗa manhajar rajistar marasa lafiya ko ta masu karɓar tallafi a muhallin gama-gari na iya jefa ma'aikatarsa cikin wannan batu bai sani ba, domin yankin wannan muhallin tsarin ne ya zaɓa tun ranar da aka buɗe asusun.

Sai kuma batun canji. Lasisi da ƙarin wurin ajiya da dala ake ƙiyasta su, don haka tun bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a tsakiyar 2023, kowane gigabait da aka ɓarnatar a muhallin gwajin da aka manta da shi ya ƙara nauyi a kasafin kuɗi.

Abin da masu kula da tsari ke yi

Kamfanonin da suka daɗe a kan dandalin sun fi karkata ga matakai kaɗan. Sukan sauya wa muhallin gama-gari suna zuwa wanda ke nuna cewa na ƙananan ayyukan kai ne, su ɗora masa doka mai tsauri kan mahaɗai. Sukan taƙaita ikon buɗe sabon muhallin aiki ga masu kula kaɗai, domin idan ba a sauya saitin ba ma'aikata masu lasisi na iya buɗewa da kansu matuƙar akwai sauran wuri. Muhimman ayyuka kuma akan ɗaura su a kan asusun da ba na mutum ɗaya ba, a kuma sa wa kowace manhaja mai ita na biyu.

Ga manhajar da ta riga ta girma a zaure, aikin shi ne a naɗe ta cikin ƙunshi, a buɗe mata muhallin ƙira da na gwaji da na aiki, a kwashe bayananta, a sanar da masu amfani sabon adireshi. Kafin a danna maɓallin buɗe sabon muhallin, akan zauna da sashen shari'a kan yankin da za a zaɓa, da sashen kuɗi kan kuɗin tushe da yawan lasisin da za a saya, sannan a rubuta sunan wanda zai riƙe makullin idan mai manhajar ya tafi.